Kaluluwa ta fito wa maigidana wata tara bayan dashen ƙoda

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, hankalina a tashe yake. Wata tara ke nan da aka yi wa maigidana dashen ƙoda, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ne ya ba shi. Alhamdu lillahi ya rabu da wankin ƙoda, har ya koma shagonsa. To sati uku da suka wuce ina shafa masa mai a wuya sai hannuna ya taɓa wani ƙullutu a ƙarƙashin muƙamuƙinsa na hagu, kamar ƙwallon dabino. Ba ya ciwo. Yanzu ya kai girman goro. Ga zufa da dare. A wannan sanyin na Jos da kowa ke neman bargo biyu, shi sai na canza masa riga da zanin gado kafin asuba. Wandunansa ma sun fara yi masa yawa. Jiya muka je Abuja wurin likitansa, ya ce sai an ciro tsokar an duba, ya ambaci wani abu wai PTLD, ya ce yana da alaƙa da wata ƙwayar cuta EBV. Tun daga Keffi har muka hau Hawan Kibo ba wanda ya ce uffan a motar. Da muka iso na faɗa wa Hajiyarsu, sai ta ce ai ƙodar ce ta zo masa da cuta. Ƙanin nasa ya ji da kunnensa, tun jiya bai sa komai a bakinsa ba. Don Allah wanda ya sani ya yi mini bayani, da gaske ƙodar ce?

Baban Hanan: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ni shekarata bakwai da dashe. Abu ɗaya zan roƙe ki kafin masana su shigo: ko mene ne, kada ya bar shan maganinsa ko sau ɗaya sai da umarnin likita.

Abban Sadik: Allah ya ƙara sauƙi. Amma ni kam a ganina magungunan nan ne matsalar. Mutum ya yi ta haɗiyar ƙwayoyi safe da dare masu kashe garkuwar jiki, dole ne ciwo ya samu ƙofa. Ya ɗan huta da su na sati biyu, a haɗa masa da habbatus sauda da zuma, garkuwa ta dawo. Shi ma jiki yana son hutu.

Baban Hanan: Alhaji, don girman Allah kada ka ba da wannan shawarar a nan. Na ga wanda ya huta na kwana goma saboda kuɗin magani sun yanke masa. Yau yana layin wankin ƙoda sau biyu a mako, ƙodar da matarsa ta ba shi ta tafi.

Sista ta Rikkos: Ni tibi na fi zargi. Kaluluwar wuya, zufar dare, rama, a ƙasar nan? Kullum muna ganin irin haka. Kuma maganin tibi kyauta ne, ku je a fara masa kawai, in ya ji sauƙi shi ke nan an gano.

Famasis Ɗan Gangare: Sista, zarginki yana kan hanya, tibi na iya yin haka sak, musamman ga mai shan maganin rage garkuwa. Amma "a fara kawai" ɗin nan ne ban yarda da shi ba. A cikin maganin tibi akwai rifamfisin, shi kuwa zaburar da hanta yake yi ta dinga narkar da takrolimus, maganin da ke hana jiki ƙin ƙodar, da sauri. Mutum yana shan ƙwayarsa daidai a kan lokaci, amma in aka auna jini sai a tarar ta yi ƙasa warwas, jiki ya juya ya far wa ƙodar. Ko da tibin ne, sai likitan dashe ya san da shi ya gyara awo. In kuwa ba shi ba ne, an ɓata wata biyu ana jiran sauƙin da ba zai zo ba.

Sista ta Rikkos: Na karɓi gyara, ban kawo maganar takrolimus a raina ba.

Dakta Maman Amir: Maman Ilham, sannu da ɗawainiya. Ni likitar ƙoda ce a Abuja, ba ni nake duba maigidanki ba, kuma ba mai iya faɗa miki abin da ke wuyansa sai an duba tsokar. Amma tambayarki kan ƙodar tana da amsa, bari mu fara da ita saboda yaron nan ya ci abinci.

EBV ba baƙuwa ba ce. Sama da mutum 90 cikin 100 na manyan duniya suna ɗauke da ita, ta yawu ake ɗaukarta, kuma a ƙasashenmu yawancin yara tun suna ƙanana suke kamuwa, wajen cin abinci a kwano ɗaya, da uwa ta tauna ta ba ɗanta, da goyo. Sau da yawa ba a ma sanin an kamu. In ta shiga ba ta fita, sai ta samu wasu fararen ƙwayoyin jini da muke kira ƙwayoyin B ta kwanta a cikinsu har ƙarshen rayuwa. Ni da nake rubutun nan kusan tabbas ina da ita, ke ma haka, Hajiya ma haka.

Gaskiya ne ana iya samunta ta ƙodar da aka dasa, amma wannan ya fi zama matsala ga wanda bai taɓa haɗuwa da ita ba, shi ya sa yara ƙanana da aka yi wa dashe suka fi shiga haɗari. Magidanci da ya tashi a Jos, da wuya a ce bai riga ya samu tasa ba. Ki duba takardun gwajin da aka yi masa kafin aiki, ki nemo inda aka rubuta EBV IgG, wato gwajin da ke nuna ko jiki ya taɓa haɗuwa da ita, ki faɗa mana abin da ke gabansa.

Maman Ilham: Dakta na gode, Allah ya saka. Duk takardun suna cikin wata jaka a saman durowa, bari na sauko da ita.

Abban Sadik: To Dakta, in kowa na da ita, me ya sa mu ba ta yi mana komai? Ai maganata ce ta fito, maganin ne.

Malam na Dilimi: Alhaji, rabin maganarka gaskiya ce, ɗaya rabin kuma shi ne mai kashe ƙoda. Dakta ki ba ni dama, nan fannina ne, a ɗakin gwaji nake aiki kuma garkuwar jiki na karanta.

Ka ɗauki jiki kamar unguwa. Ƙwayoyin B su ne maƙera, su ke ƙera makaman da jiki ke yaƙar cuta da su. Ƙwayoyin T su ne 'yan sintiri. Duk sa'ad da EBV ta motsa a cikin wata ƙwayar B, alamarta kan fito a jikin ƙwayar, ɗan sintiri ya gani ya kashe ta nan take. Haka ake yi a jikinka tun kana yaro, ba ka taɓa sani ba. To amma ɗan sintiri ɗaya ba ya isa, in ya ga ɓarna sai ya busa usur 'yan'uwansa su taru su yawaita. Usur ɗin nan wani sinadarin saƙo ne da ake kira IL-2. Aikin takrolimus, da yayansa saikulosforin, shi ne toshe hanyar da ƙwayar T ke bi ta samar da IL-2. Akwai wani sinadari a cikin ƙwayar mai suna kalsinurin, shi suke riƙe wa hannu, sai umarnin ya kasa isa cibiyar ƙwayar. An ƙwace usur ke nan. Dole ce ta sa, domin 'yan sintirin nan ba su san ƙodar ƙaninsa alheri ce ba, baƙo suke ganinta, in aka bar su da usur ɗinsu kanta za su taru. Wani maganin kuma, maikofenolet, hana su hayayyafa yake yi. Ƙoda ta samu zaman lafiya, amma EBV ma ta samu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai tun ina ɗalibi shi ne yadda ƙwayar cutar nan ta iya yaren jiki. A ƙa'ida ƙwayar B ba ta da ikon ta yi ta rabuwa gida biyu sai ta samu izini. Akwai wata ƙofa a jikinta, CD40, sai ƙwayar T mai taimako ta zo ta ƙwanƙwasa ta tukuna. EBV sai ta ƙera nata, LMP1, wanda ke kwaikwayon CD40, amma shi ba ya jiran kowa ya ƙwanƙwasa, kullum a buɗe yake. Kamar wanda ya sassaƙa hatimin mai unguwa na jabu yana ta buga wa kansa takardar izini. Daga LMP1 saƙo ke gangarawa ta hanyar da ake kira NF-kB zuwa cibiyar ƙwayar: ki rayu, ki rabu, kada ki mutu. Tana da wani kuma, LMP2A, mai sa ƙwayar ta ji kamar ta gamu da abokin gaba alhali ba kowa.

Bai tsaya nan ba. Ƙwayar da aka yaudara sai ta fara fitar da nata sinadaran saƙo, musamman IL-6 da IL-10, kuma ita da kanta take sake shan su, suna ƙara mata ƙarfin girma ta hanyar JAK da STAT. Shi IL-10 aiki biyu yake yi: yana ciyar da ƙwayar B, yana kuma yi wa sauran garkuwa shela cewa lafiya lau, kowa ya koma ya kwanta. Har ma ita EBV tana da nata IL-10 ɗin a cikin ƙwayoyin halittarta, kwafin na mutum. To ka haɗa su: an ƙwace usur, ga hatimin jabu, ga shelar ƙarya. Sai ƙwayoyin B su yi ta taruwa a kaluluwa, ko hanji, ko hanta, wani lokaci a cikin ƙodar da aka dasa. PTLD ke nan.

Maman Ilham: Na samo! Takardar ta ɗan yage a gefe amma ana gani. An rubuta EBV IgG, a gabansa an sa alamar yana da ita, kwanan watan sati biyar kafin aiki ne. Ke nan tun kafin a sa masa ƙodar yana da abin?

Dakta Maman Amir: Haka take nufi. Jikinsa ya san EBV tun kafin a shiga da shi tiyata. Ki kai wa ƙanin nasa takardar ya gani da idonsa, ki karanta wa Hajiya cikin lalama, ita ma tsoro ne ya sa ta faɗi haka. Tambaya ɗaya: bayan dashen, an taɓa cewa jikinsa ya fara ƙin ƙodar har aka kwantar da shi aka yi masa wata allura ta ruwa?

Maman Ilham: Ƙwarai kuwa. A wata na biyu ne, kwana shida muka yi a asibiti, allurar tana sa shi rawar sanyi da zazzaɓi. ATG na ji suna cewa.

Dakta Maman Amir: To ita ATG ba usur kawai take ƙwacewa ba, in na ari misalin Malam, 'yan sintirin take kwashewa na tsawon watanni. Ta ceci ƙodarsa a lokacin, kuma da ni ce a wurin mai yiwuwa ita zan ba shi. Amma an san tana ƙara haɗarin PTLD, kuma shekarar farko bayan dashe ita ce lokacin da irin mai alaƙa da EBV ta fi fitowa. Don kada masu karatu su firgita: a masu dashen ƙoda abin bai da yawa, wajen mutum 1 zuwa 3 ne cikin 100. Masu dashen huhu da na hanji ne suka fi fama da shi, saboda maganinsu ya fi nauyi.

Ummu Yasir: Dakta don Allah a fito mana fili, sankara ce ko ba sankara ba ce? Ɗana ne aka yi wa dashe bara, shekararsa 14, tun da na fara karanta wannan zancen jikina ya mutu.

Dakta Maman Amir: Suna ɗaya ne ya rufe abubuwa da dama, Ummu Yasir. Akwai matakin da ƙwayoyin suka yi yawa kawai, ba su zama sankara ba, har zuwa matakin da ya zama sankarar kaluluwa sosai. Tsokar ce ke bambance su. Shi ya sa nake so Maman Ilham ta tabbatar an ciro kaluluwar ɗungurungum in zai yiwu, ba zuƙo ruwa da allura kawai ba, don mai dubawa yana bukatar ganin tsarin ginin gaba ɗaya. A raba ta: wani yanki a fomalin, ruwan da ake adana tsoka a ciki, don duba ƙwayoyin da neman alamar CD20 (wadda ke jikin ƙwayoyin B) da ta EBV, wani a ruwan gishirin asibiti don gwajin tibi, saboda fomalin yana ɓata wancan gwajin. Tafiya ɗaya, amsa biyu. Naki yaron kuma, ki tambayi likitansa ko yana da EBV kafin dashe. In ba shi da ita, shi ne irin wanda ake bibiyar yawan ƙwayar a jininsa a kai a kai cikin shekarar farko.

Famasis Ɗan Gangare: A nan ne nake da ja, Dakta. Me zai hana a dinga yi wa kowa wannan gwajin jinin, manya da yara? Da an yi wa wannan bawan Allah bayan ATG, wataƙila da an ga adadin yana hawa tun kafin kaluluwa.

Malam na Dilimi: Famasis, ni da nake gudanar da irin gwajin ba zan goyi bayan a yi wa kowa ba. Mutane da yawa masu shan maganin rage garkuwa za ka ga EBV a jininsu shekara da shekaru ba abin da ya same su. Wani kuma yana da PTLD jininsa fes, domin akwai kaso mai yawa, musamman masu fitowa bayan shekaru, da ba ruwansu da EBV sam. Ka sa iyali su biya kuɗi mai nauyi, a tura samfur Abuja ko Legas, sakamako ya dawo ya hana su barci, ko ya sa su saki jiki a inda bai kamata ba. Kuɗin nan gara su tafi wajen auna takrolimus.

Famasis Ɗan Gangare: Na ji, amma wanda aka yi wa ATG ba "kowa" ba ne. Ina nan a kan bakana game da shi.

Dakta Maman Amir: Ku biyun kuna da hujja. Wanda bai da ita aka ba shi ƙodar mai ita, babu gardama a kansa. Wanda ya sha ATG, ni ma nakan auna in iyalin za su iya. Amma babu gwajin jinin da ya kai hannun matar da ta taɓa wuyan mijinta ta ce wannan ba ya nan da.

Abban Sadik: To tunda bairos ce, ba ga asaikulobiya nan a kemis ba? Ita aka ba ni da na yi ƙurajen nan masu zafi a haƙarƙari.

Malam na Dilimi: Ba ta kama ta, Alhaji. Irin waɗannan magungunan sai bairos tana cikin hayayyafa suke aiki, domin wani sinadarinta ne ke kunna su. A PTLD kuwa kwance take, ba ita ke hayayyafa ba, ƙwayar B take sa wa ta yi. Kuma ka san tarihin nan ya biyo ta gidanmu? Denis Burkitt, likitan tiyata a Yuganda, shi ya bayyana wata sankarar muƙamuƙi ta yaran Afirka a 1958. A cikin ƙwayoyin wannan sankarar ne Epstein da Barr da Achong suka gano bairos ɗin a Landan a 1964, ita ce ta farko da aka danganta da sankara a jikin ɗan Adam. A 1963 kuma a Ibadan aka raya wasu ƙwayoyi daga wani yaro ɗan Nijeriya mai wannan ciwo, har yau ana bincike da su a ɗakunan gwaji na duniya. A yaran nan zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa ne ke raunana 'yan sintiri, a mai dashe kuma magani. Hanyar ɓarnar tana kama da juna.

Abban Sadik: Ikon Allah. To yanzu in an tabbatar, me za a yi masa? Ba rage maganin ba ne dai a ƙarshe?

Dakta Maman Amir: Shi ne matakin farko, Alhaji, ban ɓoye maka ba. Tun 1984 Thomas Starzl da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa in aka sassauta maganin, wasu ƙullutan kan narke da kansu saboda ƙwayoyin T sun farfaɗo. Amma dubi yadda ake yi: yawanci a dakatar da maikofenolet, a rage takrolimus zuwa wani awo da aka ƙayyade, a bar firednisolon, sannan a dinga auna aikin ƙodar kusan kowane mako don a kama ta da wuri in jiki ya fara ƙin ta. Wannan daban yake da mutum ya ajiye kwalba ya ce ya huta. In bai isa ba, ko ciwon ya yi ƙarfi tun farko, sai rituksimab, ƙarin ruwa ne sau ɗaya a mako har mako huɗu, yana bin duk ƙwayar da ke da alamar CD20 ya kawar da ita. Wanda bai warke da shi ba, sai a haɗa masa da maganin sankara. A Turai ma tun ƙarshen 2022 an amince da wani magani da ake ɗebo ƙwayoyin T na masu lafiya waɗanda suka san EBV a sa wa wanda sauran magunguna suka gaza masa, wato aron 'yan sintiri daga wata unguwa.

Baban Hanan: Maman Ilham, yaya ake ciki? Kwana goma sha biyu shiru.

Maman Ilham: Ku gafarce ni jama'a, zirga-zirga ce ta yi yawa. An ciro kaluluwar, an raba ta biyu kamar yadda Dakta ta ce. Babu tibi. PTLD ce, akwai EBV a ciki, akwai CD20 ɗin. An ɗauki hoton ƙirji da ciki, sun ce akwai wasu ƙanana a ƙirji amma ƙodar ba abin da ya taɓa ta. Likitansa ya tsayar da ɗaya maganin, ya rage takrolimus, ranar Litinin za a fara ƙarin ruwan. Na kai wa ƙaninsa takardar nan, ya daɗe yana kallonta, Hajiya da kanta ta zuba masa tuwo ta zauna kusa da shi har ya cinye. Shi ne ma zai tuƙa mu Abuja. Abin da nake tambaya, gwajin ƙoda na kowane mako dole sai a Abuja? Kuɗin mota ya fara fin ƙarfinmu.

Dakta Maman Amir: Allah ya ba shi lafiya, ya saka wa ƙaninsa. Gwajin aikin ƙoda ana yin sa a Jos, ki zaɓi ɗakin gwaji ɗaya ki tsaya a kansa don lambobin su yi daidai da juna, ki tura wa likitansa hoton sakamakon a ranar. Na takrolimus ki tambaye shi inda yake so a kai, kuma da safe ake ɗibar jinin kafin ya sha ƙwayar, ba bayan ya sha ba. Kafin Litinin ki tabbatar an sake duba masa ciwon hanta nau'in B, har da gwajin da ke nuna ko ya taɓa yi ya warke, domin rituksimab na iya tayar da shi. In ya yi zazzaɓi ko fitsarinsa ya ragu, kada ku jira ranar asibiti.

Famasis Ɗan Gangare: Ki turo mini sunayen duk abin da yake sha ta akwatin sirri, har da na gargajiya in akwai, zan duba miki su yau da daddare in sha Allahu.